Takobin Fada da Kibiyar Ƙauye: Sharhi a kan Tara Kayan Yaƙi da Takardunsu a Kudancin Kano

Ran 1 ga watan Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland ta tsaya a bakin ganuwar Bebeji. Ta taso daga Zariya ran 29 ga Janairu da soja fiye da 700, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4, ta nufi Kano. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, ya matsa kusa ya nemi a buɗe ƙofa, mutanen gari suka ƙi, gama Sarkin Kano Alu ya hana. Aka juyo da bakin igwa, harsashi ya fasa ƙofar, ya kashe sarkin garin da waɗansu manyansa. Bayan kwana biyu aka ci birnin Kano. Wannan labari sananne ne, yana cikin rahoton Gwamna Lugga, malaman tarihi kuma sun saba karantar da shi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, mutanen da su ke bisa badala ran nan, mene ne a hannunsu, wa ya ƙera shi, da wane ƙarfe, ina kuma ya shiga bayan an watse. Igwar da ta fasa ƙofar an san kamfanin da ya ƙera irinta a Ingila, an san nauyinta da faɗin bakinta. Makaman da aka tare ta da su kuwa, wanda ya je gidajen ajiye kayan tarihi neman labarinsu zai komo da abu kaɗan. Wannan ƙaranci ba tsautsayi ba ne. Ya samo asali ne daga yadda aka yi aikin tarawar tun farko.

Tara kayan yaƙi na ƙasar Hausa domin ilmi, ba domin ganima ko adon bango ba, bai daɗe ƙwarai ba. An buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, aka kafa dokar kiyaye kayan tarihi a 1953. Cikin ma'aikatan da suka zaga gidajen sarautar Arewa a shekarun nan akwai A. D. H. Bivar, wanda daga baya ya zama shehun malami a Jami'ar London, ya rasu a 2015. A 1959 ya buga maƙala a kan wasiƙun Larabci na sarakunan Arewa, da hatimansu, da yadda a ke tsara su. A 1964 Ma'aikatar Kayan Tarihi ta buga masa ɗan littafin nan mai suna Nigerian Panoply, a kan makamai da sulkunan Jihar Arewa. Littafin ba shi da kauri, amma shi ne ya zama ma'auni. Duk mai rubuta bayanin takobi ko sulke na ƙasashen nan, ko a Kano ya ke ko a Turai, da wuya ya gama bai leƙa shi ba. Don haka sharhin da za a yi wa wannan fanni tilas ya fara daga kansa.

Sai a fara da yabo, gama ya cancanta. Kafin zamaninsa, matafiyi in ya ga sulke a jikin barde ya kan ce kayan mayaƙan Nasara ne da suka je yaƙin Baitul Muƙaddas a zamanin da, su ne suka ƙetaro hamada. Magana ce mai daɗin ji, ba ta da hujja. Hanyar Bivar ita ce a bar labari tukuna, a ɗauki abin a hannu a duba. A sulke, zobe shi ne shaida: wanda aka haɗa bakinsa aka soke da 'yar ƙusa aiki ne mai wuya, irin na maƙeran Masar da Turai na da, wanda aka lanƙwasa kawai aka bar baki da baki, galibi aikin baya-baya ne mai araha. A takobi kuwa a duba kwarin da ke bisa ruwansa, da tambarin maƙeri, da rubutun da aka zana, sa'an nan a gwada da 'yan'uwansa da ke ajiye a waɗansu ƙasashe. Da wannan hanya ya duba irin su Gajere, takobin sarautar Katsina, wanda gargajiya ta ke danganta shi da Korau. Bai ƙaryata gargajiya don raini ba, bai kuma karɓe ta ido rufe ba. Abu mafi amfani da ya koyar shi ne cewa kaya da takarda aikinsu ɗaya ne: mai karanta hatimin wasiƙa da mai karanta tambarin takobi, ido ɗaya su ke bukata.

A nan akwai wani abin lura. Takardar da magatakardan sarakuna su ke rubutu a kanta a ƙarni na 19, mafi yawanta daga arewacin Italiya ta ke fitowa, in an ɗaga ta a rana sai a ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Ruwan takubba kuma da yawa suna ɗauke da tambarin wata mai fuska. Duka biyu raƙuman Tarabulus ne su ke kawo su. Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa a kan shigo da ruwan takobi wajen 50,000 ko wace shekara, ko wane ɗaya a bakin wuri 1,000, kusan dukansu kuwa daga Solingen ta ƙasar Jamus. Ya ce kaɗan ne ke zama a ƙasar, saura a kan sa musu ƙota da kube a Kano a sake fitar da su zuwa Azbin da Nufe da Barno. Ko da an rage wani abu daga lissafinsa, gama ƙiyasin baƙo ne a kasuwa, ma'anar ta tsaya. Takobin Kano aikin hannu da yawa ne: ruwa na Bajamushe, ƙota ta maƙerin fari, kube na baduku, hamila ta masaƙi. Wanda ya rubuta a katin gidan tarihi cewa takobin Turai ne ya faɗi gaskiya, amma ya bar sana'a uku a waje. Har wa yau tambarin kansa ba ya isa hujja, domin maƙeran ƙasar nan sun gane masu saye suna son watan nan, suka riƙa buga shi a kan ruwan da suka ƙera da kansu. Masu tarawa su kan kira wannan jabu. Ga mai tarihin sana'a kuwa, takobin da aka yi wa tambarin aro ya fi na ainihi daraja, tun da ya ke shi ne ke nuna iyakar gwanintar maƙerin gida.

To, ga inda aibin ya ke. Nauyin littafin Bivar, da na tarin da aka yi bayansa har da wanda ke Gidan Makama a Kano, ya karkata ne wajen kayan fada: takobi, da sulke, da kwalkwali, da lifidi, da kayan doki. Dalili a fili ya ke. Su ne aka ajiye a taskar sarki, su ne a ke fitarwa ran Salla, su ne kuma ke da 'yan'uwa a gidajen tarihi na Alƙahira da Istambul da London da za a gwada su da su. Amma mai kallo in ya fito daga ɗakin sai ya ɗauka yaƙin ƙasar Kano yaƙin barade ne masu sulke, makamansa kuma kayan fatauci ne daga arewa. A kudancin Kano wannan hoto bai yi daidai ba ko kaɗan.

Ƙasar da ta tashi daga Bebeji da Kiru ta gangara Tudun Wada har duwatsun Riruwai ƙasa ce ta bakin daga. Dajin Ɗansoshiya da na Falgore ragowa ne na dazuzzukan da suka raba Kano da Zazzau da Bauci. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa saboda rigimar haraji, ya shiga duwatsun Ningi cikin Butawa da Warjawa da maƙwabtansu. Magadansa, irin su Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya, suka yi shekara wajen hamsin suna kai hari kudancin Kano da gabashin Zazzau, ba a huta ba sai zuwan Turawa a 1902. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya ci lokaci mai tsawo a sansani saboda su, aka ƙarfafa garuruwan ribaɗi irin su Tudun Wada. Adell Patton ya bi wannan tarihi a kundinsa na 1975. Yaƙin ba na fili ba ne inda dawaki ke jeruwa. Hari ne na asuba, da kwanton ɓauna a mashigin rafi, da tsaron ganuwa har gudummawa ta iso. Doki mai lifidi nauyinsa ya yi yawa ga hawan dutse, ba ya kuma ratsa kurmi. Manomin da aka buga wa kuge ba ya jiran barde daga birni, tafiyar kwana biyu ko uku. Abin da ke rataye a ɗakinsa shi zai ɗauka, watau kwari da baka, da mashi, da gatari.

Kada kuwa a ɗauka kibiya makamin wanda ya rasa ne. A Tabkin Kwatto a 1804 jama'ar Shehu Usmanu 'yan baka ne mafi yawa, dawakinsu kaɗan, suka kori barade na Gobir. A 1823 Denham ya ga yadda maharban Filani a kudancin Barno suka watsa Larabawa masu bindiga, madugunsu Bu Khalum kuma kibiya mai dafi ce ta yi ajalinsa. J. P. Smaldone, a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a daular Sakkwato, ya nuna cewa bindiga ba ta yi yawan da za ta sāke fasalin yaƙi ba sai can ƙarshen ƙarni. Ashe makamin da ya fi kashe mutane a ƙarnin nan shi ne ya fi ƙaranci a ɗakunan ajiya.

Ƙirar kibiya kuwa sana'a ce cikakkiya, daga ƙasa har kwari, ba kamar takobi ba da a ke jiran ayari. Da rani a ke haƙo tama, a gina murhu da yumɓu, a loda gawayi, wanda maƙera suka fi so kuwa na ƙirya ne saboda ƙarfin wutarsa. In ƙarfe ya fito a farfasa shi, maƙerin baƙi ya sa a wuta, yaro yana zuga, shi yana bugu bisa uwar maƙera har ya fitar da tsini, ya tsaga kunnuwa yadda in ta shiga ba ta fita da sauƙi. A dasa ta a kan kyauro, a ɗaure da jijiya. Kibiyar Hausa ba a sa mata gashin tsuntsu. Sa'an nan dafi, wanda ginshiƙinsa 'ya'yan kwankwani ne, mai tsayar da zuciya, ko wane gida na maharba kuma da abin da ya ke ƙarawa, ba ya faɗa wa wani. Hannu huɗu ko biyar ke nan, dukansu na ƙasar. Narkar da tama a Kano ba sabon abu ba ne: gwajin da aka yi wa gawayin wani tsohon murhu a Dala ya kai ƙarni na 7, gargajiya kuma tana cewa maƙera ne, Abagayawa, suka fara zama a gindin dutsen don neman tama. In ana neman abin da za a kira ƙirar makamai ta ƙasar Kano, wannan ne.

Me ya sa bai tsira ba? Ƙarfe a hannun talaka ba ya zama banza. Da aka daina yaƙi, kan mashi ya koma wuta ya fito lauje, barandami ya zama fartanya. Kyauro gara ta ci, tsirkiya ta tsinke. Takobin sarki yana da suna, yana da mai tsaronsa. Kibiya ɗaya cikin ɗari babu mai ba ta suna, babu mai gadonta da alfahari. Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tarkacen ƙarfen Turawa ya cika kasuwa da araha, haƙar tama ta mutu a hankali har murahun suka rushe. Abin da ya rage a ƙasa shi ne kashin maƙera, watau dunƙulen baƙin dattin da wuta ta bari, da fasassun bututun yumɓu. Waɗannan ba su da kyaun gani, ba mai sayensu, amma su ne takardun wannan sana'a. Daga tulin kashin maƙera a kan iya ƙiyasta yawan ƙarfen da aka narkar, daga gawayin da ke cikinsa a san zamani, daga sinadarinsa kuma a gwada da kan kibiya a ga ko tushensu ɗaya. Aikin da Bivar ya yi wa zoben sulke, irinsa ne ya kamata a yi wa waɗannan.

Riruwai, a ƙasar Doguwa, ta isa misali na yadda sha'awar mai rubutu ke zaɓen abin da zai tsira. Mutanenta sun shahara da narkar da kuza, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kaiwa kasuwanni masu nisa. Waɗansunsu kuma suka ƙaura suka kafa Riruwain Dalma a ƙasar Bauci. Da ya ke kamfanonin Turawa kuza su ke nema a farkon ƙarni na 20, injiniyoyinsu sun bi sawun tsinken nan har tushensa, suka rubuta bayanin murahunsa. Tama ba ta da mai nema a London, don haka maƙerin baƙi bai sami irin wannan marubuci ba.

Sai a juyo ga takardu. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya ambaci makamai a wurare sanannu. Ya ce Kanajeji, wanda Palmer ya sa zamaninsa 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ya ce a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo garkuwoyi daga Nufe, da bindigogi. Ya ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Masu rubutu sun maimaita waɗannan wurare uku har sun gaji, amma ba a cika lura da fi'ilin ba: ko ina maganar kawowa ce da farawa, ba ta ƙira ba. Marubucin bafade ne, abin da ya shigo fada sabo shi ne labari a wurinsa. Abin da maƙeri ke yi ko wace shekara tun kaka da kakanni bai zama labari ba.

Wasiƙun sarakuna ma haka. Waɗanda aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, da ire-irensu da ke ajiye a ma'ajiyar takardun gwamnati ta Kaduna da Gidan Arewa, maganarsu ta mulki ce: naɗi da tuɓewa, gaisuwa da kyauta, labarin hari, motsin Nasara. Ba laifin magatakarda ba ne. Umurnin ƙira ba ya bukatar tawada. Sarki ya faɗa wa bawansa, bawa ya faɗa wa Sarkin Maƙera, shi kuma ya tara mutanensa. Ko kusa babu inda takarda za ta shiga. Wanda ya gane haka shi ne Philip Jaggar, wanda ya zauna da maƙeran birnin Kano a farkon shekarun 1970, ya ɗauki bayanin tsarinsu da aikin da su ke yi wa fada daga bakin dattawansu, littafinsa ya fito a 1994. Wannan shi ne gyara mafi girma da aka yi wa hanyar Bivar. Sai dai iyakarsa birni. Maƙeran garuruwan ribaɗi, waɗanda aikinsu ya fi kusa da bakin daga, suna bukatar nasu mai sauraro, dattawan da suka ji daga bakin waɗanda suka gani kuwa sun ƙare, sai jikoki.

Game da bindiga akwai hasara guda wadda ba ta da magani. Rahoton Lugga ya nuna cewa da aka shiga gidan Sarkin Kano a 1903 an sami ma'ajiyar makamai cike da albarushi da harsashi iri-iri, aka lalata harsashi wajen 20,000 da bindigogi 350. Ga soja wannan daidai ne. Ga tarihi kuwa, a rana ɗaya aka hallaka tarin da babu kamarsa. Ko wace bindiga cikinsu da ta nuna tambarin garin da aka gwada ta, ko Birmingham ko Liège. Da ta nuna ko ta hamada ta biyo ko ta Ikko, ko kuwa ta ɓullo ne bayan yarjejeniyar Brussels ta 1890 wadda ta ƙuntata sayar wa Afirka bindigogin zamani. Da kuma ta nuna gyaran da maƙerin Kano ya yi mata, gama bindigar da ta yi shekara talatin a ƙasar da babu kayan gyara, rabinta aikin gida ne. Tambayar da masana suka daɗe suna jayayya a kanta, watau iyakar abin da maƙeran Hausa su ke iya yi wa bindiga kafin zuwan Turawa, amsarta tana cikin abin da aka lalata ran nan. A Damagaram abin ya fi sauƙi, domin an san Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa an zuba igwa an haɗa albarushi a birninsa, magadansa kuma suka kawo yaƙi har Gezawa a ƙarshen ƙarnin. Kuskure ne a ɗauki labarin Damagaram a shimfiɗa shi a kan Kano ba da shaida ba, ko da ya ke ana yin haka.

Akwai wata irin takarda da masu tara kayan yaƙi ba su cika waiwaya ba, don ba ta da hatimi, ba ta da kyaun rubutu. Ita ce rahoton ƙidayar haraji na gundumomi wanda Turawan mulki suka riƙa rubutawa a farkon zamanin En'e, yana ajiye a Kaduna. A cikin irinsa a kan lissafta masu sana'a gari gari, har da maƙera, da abin da a ke zaton suna samu a shekara. Shekara goma ko ashirin ne kawai tsakaninsa da zamanin hari, don haka gidajen maƙeran da ya ƙidaya su ne dai na da. Amma a karanta shi da hankali. Mutum ba ya faɗa wa mai ƙidayar haraji iyakar sana'arsa, balle sana'ar da sabon mai mulki ya ke tuhuma. Adadin da ke ciki a ɗauke shi mafi ƙaranci, wurin da aka ambata kuwa a ɗauke shi jagora zuwa inda za a nemi kashin maƙera.

Zane-zane da hotuna su ne suka fi ruɗin ɗalibai. Zanen nan biyu da suka fi yawo, na barde mai sulke da na mai lifidi shi da dokinsa, daga littafin tafiyar Denham da Clapperton na 1826 suka fito. Na farko dogarin Shehun Barno ne, na biyu mayaƙin Bagarmi. Babu Bakano cikinsu. An kuma sassaƙa su ne a London bisa zanen matafiyi. Masu tarawa suna sayen tsofaffin bugunsu da tsada, haƙƙinsu ne, amma malamin da ya manna su a allo ya ce ga mayaƙan Kano ya koyar da kuskure. Clapperton ya ratsa Bebeji a 1826, ya yi bayaninta da cewa babban gari ne mai ganuwa da fatake, amma ba a yi wa maharbanta zane irin wannan ba. Hotunan hawan daba kuwa, irin na Kano a 1925 don Yariman Ingila da na Kaduna a 1956 don Sarauniya, shaida ne na abin da sarakuna suka so a gani a waɗannan shekaru. An gyara kaya, an ɗinka sababbi, an aro waɗansu. Takubban hawan Salla da yawa na baya-bayan nan daga ƙarfen sifirin mota aka ƙera su, abin kuwa ba aibi ba ne, in dai an rubuta haka a katinsu.

Kati shi ne matsalar yau. Dillalan kayan da su kan bi ƙauyuka suna sayen tsofaffin takubba da masu a hannun magada, su kai birni, daga nan waɗansu su ƙetare teku, ko da ya ke doka tun 1953 ta hana fitar da abin da aka yi kafin 1918 ba da izini ba, dokar 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kuma ta ƙarfafa hanin. Hasarar ba ta tsaya ga fitar kayan ba. Mashin da aka saya a wani gida a ƙasar Kiru, ran da ya bar gidan ya rabu da sunan mai shi, da na maƙerinsa, da harin da aka riƙe shi. In ya isa kanti sai a kira shi mashin Hausa ko na Buzaye, ƙarni na 19, shi ke nan. Ƙarfen yana nan, shaidar ta mutu. Ƙasa ma tana rufe nata: madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta shanye ƙauyuka da gonaki, abin da ke ƙarƙashinta ya fi ƙarfin mai haƙa, garmar tarakta kuma tana baje tulin kashin maƙera ko wace damina.

Malaman kwalejojin horo suna da abin da babban masani daga waje ba shi da shi, watau ɗalibai 'yan ƙasar, waɗanda a ke buɗe wa ƙofar zaure. Ba a bukatar su karɓo kome daga hannun kowa; a bar wa magada kayansu ya fi. Abin da a ke bukata shi ne awo da zane da bayani: tsawon kan kibiyar da yawan kunnuwanta, sunan da masu ita su ke kiranta da shi, gidan maƙeran da a ke danganta ta da shi, inda kakanninsu su ke haƙo tama da sunan wurin, kirarin maƙera da na maharba yadda aka faɗe shi ba tare da gyara ba, da sunan wanda ya ba da bayanin da wanda shi ya ji daga gare shi. Sai dai a yi hattara da maganar bindiga. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙirarta ba da lasin ba, dazuzzukan yankin kuma sun yi fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane a shekarun baya-bayan nan, don haka baƙon da ya shiga maƙera yana tambayar yadda a ke ƙera adaka zai sa a rufe baki, watakila ma ya jawo wa mai gida tuhuma. A fara da hakimi da dagaci, a tsaya ga abin da ya gabaci 1903, tambayar farko kuma ta zama ta tama da gawayi.